Buri na Uku a Allon Malama Kachollom

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a makarantar bayan kwata da ke Agege ya san Malama Kachollom, kuma in ka ambaci sunanta, benci zai fara tunawa. Gajeriya ce ƙwarai, irin gajartar da 'yan aji biyu kan kere ta kafin shekara ta ƙare. Ranar farko ta kowace shekarar karatu sai ta sa a jawo mata benci gaban allo, ta tuɓe takalmi, ta hau, ta rubuta burin ajin na bana can sama, inda hannun mai goge allo ba ya kai. Yara na ƙunshe dariya, ita kuwa ko a jikinta.

'Yar Birom ce daga wajen Jos. Ta zo Legas a 1981 tana bin mijinta Dachung, direban babbar mota mai kawo dankalin Turawa kasuwar Mile 12. Da Allah ya yi masa rasuwa a 1994, dangi suka aiko ta tattara ta koma gida. Ta ce to, in an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, Malama tana nan a ɗakinta guda kusa da layin dogo, tana gyaran littattafan 'ya'yan mutane.

Makarantar kuwa mahauta da dillalan shanu ne suka haɗu suka gina ta don 'ya'yansu, amma da yake ita ce mafi kusa, Yarabawan unguwa ma nan suke kawo nasu. In iska ta juyo daga kwata, ƙaurin babbakar ganda har cikin aji. Darasin Malama shi ne na zama ɗan ƙasa, wanda yara ke kira Soshiyal, ita kuma suna kiranta Mama Soshiyal in ta ba da baya. Da Turanci take koyarwa, ta fassara da Hausa, ta yi tsawa da Yarabanci. Hausar tata ma zama da Kanawa ya goge ta, sai dai in ranta ya ɓaci ta Jos kan dawo, namiji da mace duk su zama "ka".

Buri uku take rubutawa. Na farko, kowane yaro zai san ƙaramar hukumarsa da aikin kansila. Na biyu, za a bar mai magana ya kai aya ko da ba a yarda da shi ba. Waɗannan biyun duk shekara ana cika su, ta hau benci ranar hutu ta yi musu maki. Na ukun ne ciwon ranta: "Za mu zaɓi monitanmu da kanmu." Shekara goma sha ɗaya tana rubuta shi, shekara goma sha ɗaya kwamitin iyaye na cewa a'a. Hujjarsu ɗaya ce, ƙasa ma ba ta zaɓi nata ba, balle aji. Monita naɗa shi ake yi, a duba wanda ya fi ƙarfi a miƙa masa tsumagiya. Ita ma ba ta fasa rubutawa ba, don Malama akwai taurin kai.

Da soja suka koma bariki a 1999, ta shirya ta tafi gaban shugaban kwamiti, Alhaji Hamidu, dillalin shanu, wanda 'yarsa Safinatu ke aji biyu. Dogo ne mai tsokana, amma in ya yanke magana ta yanku.

"Alhaji, ƙasa dai ta zaɓi nata. Saura aji."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Malama, ashe riƙe mu kike da maganar bakinmu? To an ba ki, sau ɗaya. Amma ki ji da kyau, in ya kawo mana rigima tsakanin yara, da hannunki za ki goge rubutun nan, kuma ba za mu sake jin zancensa ba."

Ta ce ta yarda. A ranar ta koma gida tana waƙar coci a cikin motar haya ta danfo, har kwandasta ya tambaye ta ko biki ake yi.

Zangon nan ya yi daɗi. 'Yan aji biyu suka rubuta wa kansila takarda kan magudanar ruwan da ta toshe a ƙofar makaranta, bai amsa ba, suka sake rubutawa. In ana muhawara, mai riƙe da abin goge allo shi kaɗai ke da baki, sauran sai haƙuri. Aka sa zaɓe ana saura mako guda hutun Disamba, mutum biyu suka fito. Ɗaya Shafi'i, ɗan ƙanin Alhaji Hamidu, mai ƙwallo, mai ban dariya, wanda ya yi alkawarin ba zai taɓa rubuta sunan masu surutu ba. Ɗayar Risikatu, Bayarabiya, 'yar mai sayar da ganda, yarinya mai natsuwa wadda ko ba a naɗa ta ba ita ke raba faɗa a ajin. Shekara biyu benci ɗaya suke zama da Safinatu, tare suke cin abincin tara, ba ka jin me suke faɗa sai dariya.

Saura mako biyu zaɓe rikici ya ɓarke a Ketu tsakanin 'yan kasuwa, aka rasa rayuka. Bai iso Agege ba, amma tsoronsa ya iso. Aka rufe makaranta kwana huɗu. Ranar da aka dawo, Malama ta shiga aji ta tsaya turus. 'Yan Arewa, su ashirin da huɗu ne a ajin, sun koma ɓangaren taga, Yarabawa kuma, su sha bakwai, sun koma ɓangaren ƙofa. Babu wanda ya ce su yi haka. Benci ɗaya ne a tsakiya bai motsa ba, na Safinatu da Risikatu. Malama ta mayar da kowa mazauninsa, ta ce a ranta yara ne, kwana biyu sun manta.

A nan ta yi kuskurenta, kuma ƙauna ce ta sa ta yi shi. Zaɓe guda ta taɓa yi da ya zauna mata a zuciya, na 1991, wanda ake kira ƙato bayan ƙato, inda kowa zai je ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙidaya kawuna a gaban jama'a. Ranar Dachung na bayanta, ya cire hularsa yana kare mata rana, malamin zaɓe ya taɓa kafaɗarta ya ce sittin da huɗu da ƙarfi. Ta ga ƙuri'arta da idonta, ba akwati, ba maguɗi. Duk sanda ta tuna zaɓe, hular nan take tunawa. Don haka ta ce wa yara ƙato bayan ƙato za a yi, shi ne zaɓen gaskiya.

Ranar Juma'a da safe aka fito fili. Alhaji Hamidu da wasu iyaye suka tsaya ƙarƙashin mangwaro suna kallo. Shafi'i ya tsaya dama, Risikatu hagu. Malama ta kaɗa ƙararrawa.

"Oya, kowa ya bi bayan wanda yake so!"

Ko minti ɗaya ba a yi ba layi ya tsaru. 'Yan taga duk suna bayan Shafi'i, har da wani ɗan Kafanchan da ba su taɓa shiri da shi ba. 'Yan ƙofa duk suna bayan Risikatu. Kowane yaro kafin ya ɗaga ƙafa sai ya saci kallon gindin mangwaro. Mutum ɗaya ta rage a tsakiyar fili, Safinatu, tana murza bakin hijabinta.

"Ke Safinatu, kin manta gida ne?" in ji Shafi'i. Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya.

Daga ɗaya layin wata ta kira ta a hankali, "Safi, ma bo mana, zo nan."

Yarinyar ta yi taku ɗaya hagu, ta tsaya. Ta juya ta dubi mahaifinta. Alhaji haɓa kawai ya ɗan ɗaga wajen layin ɗan ƙaninsa. Safinatu ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Yara arba'in da manya bakwai suna tsaye suna kallon 'yar shekara goma sha uku tana kuka, an ce ta zaɓa tsakanin gidansu da ƙawarta a bainar jama'a.

Malama ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi. Ta kaɗa ƙararrawa da ƙarfi. "An soke! An soke zaɓen nan! Kowa ya koma aji. Safinatu, ka zo nan, ka zo, 'yata." Ta rungume ta, kan yarinyar ya fi nata tsawo.

Da yara suka watse Alhaji ya matso, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Malama, ashe ke ma kina da kakin soja a gida? Daga yin zaɓe sai sokewa?" Sai fuskarsa ta canja. "Kin dai ga abin da na guda. 'Yata ta yi kuka a gaban mutane. Ran Litinin ki goge."

Ba ta musa ba, don alkawari ta yi. Ta koma aji bayan an tashi, ta jawo benci da kanta, ta hau da abin goge allo a hannu. Ta daɗe a tsaye tana kallon rubutun. Kunya take ji, ba kaɗan ba. Shekara goma sha ɗaya tana zargin kwamiti da hana yara zaɓe, ashe da aka ba ta, ita ce ta jera su a gaban iyayensu kamar shanun sayarwa, kowa da alamar mai shi. Ta sauko ba ta goge ba. Ai Litinin aka ce.

Washegari Asabar ta sa takalmin roba ta nufi kara, kasuwar shanun da ke gefen kwata. An yi ruwa, laka da kashin shanu har idon sawu. Masu jan shanu na ihu a ba su hanya, mahauta na wucewa da cinyoyi a kafaɗa. Ta sami Alhaji tsaye da gwangwanin shuɗin fenti da ɗan tsinke, yana yi wa shanun da aka saya alama a gadon baya. Ya ga ta ya ɗaga gira.

"Malama da kanta a kara? Ko sa za a saya na Kirsimeti?"

"Ranka ya daɗe, laifi na zo amsawa. Ba zaɓe ne ya sa Safinatu kuka ba. Ni ce."

Ya ci gaba da shafa fenti. "To, an ji. Sai me?"

"Ka ba ni Laraba. A ɓoye za su yi, ba wanda zai ga hannun wani."

"A ɓoye? Ai nan ake maguɗi. Ni ban san ɓoye-ɓoye ba. Kuma yarinyar nan, me ya hana ta bin bayan ɗan'uwanta? Ke kin san abin da ke ranta, gaya mini."

"Ban sani ba, Alhaji. Kuma bai kamata in sani ba." Ta ɗaga kai ta dube shi. "Kai ma haka."

Hannunsa ya tsaya. Dillalan da ke kusa suka yi kamar shanu suke dubawa. Ba a saba gaya wa Alhaji Hamidu irin wannan a tsakiyar kara ba, balle mace, balle gajeriya mai takalmin roba. Malama ta ga ta riga ta jiƙe, sai ta ƙarasa.

"Ka yi ƙato bayan ƙato a casa'in da ɗaya?"

"Wa bai yi ba?"

"Bayan wanda kake so ka tsaya?"

Ya ajiye gwangwanin a kan turke, ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa, ba tsokana a ciki.

"Maigidana a lokacin, wanda ya koya mini sana'ar nan, kujera ya sa a bakin layi yana duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya inda ya ce. Mutumin da nake so yana ɗaya layin, na kasa ko kallon hotonsa." Ya yi tsaki, ba da ita ba. "Awa uku a rana. Na koma gida ban iya cin abinci ba."

Nan Malama ta gane. Rana ɗaya ce, ita hula take tunawa, shi kujera.

"Jiya ni ne mai kujerar ke nan," in ji shi, kamar da kansa yake magana. Ya dube ta. "Laraba. Amma ni zan ƙidaya, da idona. In na ga maguɗi, ko rigima, kin san sauran."

"Na sani."

"Rubuta suna za su yi?"

"A'a. Na san rubutun kowa a ajin nan, ko a mafarki. In sun rubuta, asirinsu na hannuna. Yatsa za su dangwala. Tawada ce dai ban samu ba tukuna."

Alhaji ya dubi gwangwanin da ke kan turke, ya dube ta, sai ga tsohuwar dariyar ta dawo. "Ga tawada. Ruwan sama ma ba ya wanke ta."

Ranar Laraba Malama ta ɗaure zaninta na zuwa coci a kusurwar aji, ya zama rumfa. Akwati kuwa tsohuwar garwa ce da aka huda wa murfi. Ta kwana biyu tana yanka takardu arba'in da ɗaya, kowace da zanen ƙwallo na Shafi'i da zanen ƙararrawa na Risikatu. Ta juya garwar ta girgiza a gaban kowa don a ga ba komai ciki. Iyaye suka tsaya a baranda, Alhaji kaɗai ya shigo ya zauna a kujerar malama, ya juya wa rumfar baya da kansa.

Ɗaya bayan ɗaya yara ke shiga bayan zani, su fito suna hura babban yatsa. Waɗansu na fitowa da gudu, waɗansu sai an yi gyaran murya. Da aka kira Safinatu ajin ya yi tsit. Ta tashi, ta wuce ta gaban mahaifinta, ta shige. Malama na ganin ƙafafunta kawai ta ƙarƙashin zani. Ba ta daɗe ba. Aka ji takarda ta faɗa garwa, ta fito da yatsa shuɗi kamar na kowa, ta koma bencinta ta zauna.

Alhaji ya zazzage garwa a kan tebur. Mutumin da ke ƙidaya garke da kallo ɗaya, yau takarda-takarda ya bi, yana ɗaga kowace sama.

"Ƙwallo. Ƙararrawa. Ƙararrawa. Ƙwallo."

Malama na jan layi a allo. In aka tashi ashirin da huɗu da sha bakwai, to zani da garwa duk aikin banza ne, taga da ƙofa ne suka yi zaɓe. Ƙararrawa ta kai sha bakwai, sauran takardu ba su ƙare ba. Alhaji ya ɗaga ta gaba, ya ɗan tsaya.

"Ƙararrawa."

Aka tashi Risikatu na da ashirin da biyu, Shafi'i sha tara. Alhaji ya sake ƙidayawa, haka ta fito. Ba sai an yi masa lissafi ba, aƙalla yara biyar daga ɓangaren taga sun haye. Ya bi ajin da kallo, yatsu arba'in da ɗaya duk launi ɗaya, ba mai gaya maka komai. Shafi'i ne ya fara motsi. Ya tashi yana sosa ƙeya, ya je ya miƙa wa Risikatu abin goge allo, ya ce, "Oga monita, abeg, ban da sunana a masu surutu." Ajin ya fashe da dariya, har baranda.

Alhaji ya miƙe ya je bencin tsakiya. Safinatu ta sunkuyar da kai. Ya kama hannunta, ya juya yatsan yana dubawa. Malama ta ga tambayar ta zo masa har leɓe. Ya daɗe yana kallon shuɗin nan.

"Zai yi mako bai fita ba," in ji shi. "In uwarki ta yi faɗa, ki ce ni na kawo fentin."

"To, Baba."

Ya juya ga Malama. "Ba za ki yi wa rubutun naki maki ba? Ko sai an kawo tsani?"

Aka jawo benci. Ta tuɓe takalmi ta hau, Alhaji Hamidu ya dafe bencin da hannu biyu don kada ya yi gefe. Ta ɗaga alli, sai ta fasa. Ta ce a miƙo mata gwangwanin. Ta tsoma babban yatsanta, ta miƙe iyakar tsawonta, ta dangwala a gefen buri na uku. Hawaye ya hana ta ganin inda ta sa, shi ya sa tambarin ya ɗan karkace.

Malama Kachollom ta ajiye aiki a 2002, ta koma gida a ƙarshe. Kafin ta tafi an yi zaɓen monita sau uku a makarantar bayan kwata, duk da garwa da zani. Allon aji biyu kuwa an sha yi masa sabon baƙi tun daga lokacin, amma duk mai shafawa in ya kai can sama sai ya kewaye wani ɗan shuɗin tambari, don Alhaji Hamidu ya ce wanda ya taɓa shi zai gamu da shi.